Rumbu, Garke da Inshora: Tarihin Biyan Kuɗin Magani a Damargu

A ƙasashen da ma'aikaci ke samun inshorar lafiya ta hannun wurin aikinsa, musamman Amurka, an daɗe ana muhawara a kan wani tsari mai hawa biyu, wanda a cikinsa ake rage wa ma'aikaci zubinsa, wato kuɗin da ake yanka daga albashinsa kowane wata domin inshora, amma a ɗora masa biyan kason farko na kuɗin magani daga aljihunsa har ya kai wani adadi mai nauyi a cikin shekara, kafin kamfanin inshora ya fara biyan abin da ya haura. Don kada wannan kason farko ya same shi babu shiri, sai a buɗe masa asusun ajiya na musamman, wanda shi da mai aikin suke zuba wa kuɗi, gwamnati kuma ta ɗauke wa kuɗin haraji muddin a kan magani aka kashe su. Sunayen wannan tsari baƙi ne ga mutumin Tanut ko na Balbeji, amma gininsa tsoho ne a ƙasar Damargu, inda tun kafin zuwan Turawa gida ke ɗaukar ƙaramar cuta daga abin da ya ajiye, babbar kuma a kai ta ga wanda ya fi ƙarfi. Tarihin yankin ya isa ma'auni, domin ya nuna abubuwa uku da tsarin ya rataya a kansu: lokacin da ajiyar ke cika, hannun da ke riƙe da mabuɗinta, da kuma ko wanda ya yi alkawarin ɗaukar babban kaso yana cika alkawarinsa.

Damargu tana kwance ne tsakanin Damagaram da Abzin, a bakin iyakar da noman damina ke ƙarewa, kuma garin Tanut yana da nisan kilomita kusan 145 a arewa da Zinder, a kan hanyar Agadas. Ruwan sama a nan ba kasafai yake wuce milimita 300 a shekara ba, amma a shekarar da ya yi kyau ƙasar takan ba da gero mai yawan gaske, abin da ya sa Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, ya ɗauke ta a matsayin rumbun Abzin. A ƙauyen Tagelel na Damargu ne shi da Overweg suka rabu da abokin tafiyarsu Richardson. Mazauna ƙasar a lokacin sun haɗa da Dagirawa masu jin Barbarci, da Hausawa, da Buzaye manoma waɗanda ke ƙarƙashin manyan Abzinawa, kuma geron da suke nomawa shi ne guzurin ayarin Bilma, shi ne kuma abincin fataken da ke bin hanyar Tarabulus zuwa Kano. Masanin tarihi Stephen Baier, wanda littafinsa a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar ya fito a 1980, ya nuna yadda manyan Abzinawa suka rarraba dukiyarsu tsakanin raƙuma a arewa, da gonaki da rumbuna a Damargu, da gidajen saukar baƙi da jari a biranen kudu, ta yadda idan fari ya cinye wani ɓangare sai su jingina da wani. Wannan ita ce inshorar masu ƙarfi a wancan zamani, kuma ba a iya raba ta da bauta, domin waɗanda suke cika rumbunan da yawansu ba su da ikon barin gonar.

A gidan manomi kuwa, tsarin gandu ne ke raba nauyi. Gandu shi ne babbar gonar gida wadda maigida ke shugabanta, 'ya'yansa da ƙannensa kuma suke yi wa aiki a yawancin kwanakin mako, shi kuma ya ɗauki ciyar da su, da biyan harajinsu, da aurar da su, da neman magani idan ciwo ya kwantar da ɗayansu. A gefen gandu akwai gamana, wadda a wasu wuraren ake kira gayauna, wato ƙaramar gonar da matar aure ko saurayi ke nomawa don kansa, kuma daga amfaninta ne ake sayen jiƙo, da kanwa, da man shafawa, da sauran ƙananan bukatun da ba su kai a tada maigida ba. Ba a rubuta iyakar da ke tsakanin nauyin gamana da na gandu ba, amma kowa ya san ta, kuma saɓani yakan tashi ne daidai a kan wannan iyaka, lokacin da uwa ke ganin zazzaɓin ɗanta ya kai a buɗe babban rumbu, maigida kuma yana ganin a ƙara kwana biyu a gani. Idan ciwo ya fi ƙarfin gandu, sai a waiwayi dangi da surukai, a sayar da akuya ko tunkiya, sannan a kai ga saniya. A wajen Fulani, musamman Wodaabe da ke kiwo a arewacin Tanut da Tarka, akwai habbanaye, wato aron saniya ga wanda ya rasa garkensa, ya riƙe ta har ta haihu, yawanci sau uku, ya mallaki 'yan maruƙan, sannan ya mayar da uwar ga mai ita.

Yadda ake biyan masu magani ma ya dace da wannan zama. Kowane gida yana da wanzaminsa, wanda ke yin aski da kaho da sakiya da kaciya da cire beli, kuma babban ladansa yana zuwa ne da kaka, lokacin da ake ba shi damin gero, ko ranar suna, lokacin da yake da kasonsa a naman rago, don haka iyali ba sa jiran sai sun sami kuɗi a hannu kafin su kira shi. Malamin da ke yin rubutun sha yakan karɓi kafin alƙalami, wani ɗan abu kaɗan da ake bayarwa kafin a fara aiki, babbar sadaka kuma sai bukata ta biya. Maɗori, wanda ke gyaran karaya, da ungozoma, da boka, duk akwai wannan sassauci a tsakaninsu da jama'a. Ko mene ne za a ce game da ingancin magungunan kansu, kuma akwai abin cewa da yawa, musamman a kan cire beli da kayan aikin da ba a tafasa ba, tsarin biyan ya fahimci abu ɗaya da kyau: abin da ake nema daga majinyaci a bakin ƙofa ƙarami ne, babban biya kuma ana ɗaga shi zuwa lokacin da gida ke da hali.

Raunin wannan tanadi yana cikin kalandar shekara. Rumbu yana cika ne a watan Oktoba da Nuwamba, yana raguwa a cikin rani, kuma a gidaje da yawa yakan kai ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Sanƙarau da ƙyanda suna zuwa da zafin bazara, lokacin da rumbu ya yi rabi, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa kuma suna tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare, hannuwa duk suna gona, dabba ta rame ko ba ta gama murmurewa ba, tiyar gero kuma ta kai tsadarta ta shekara. Wato ajiyar takan yi ƙasa ne daidai lokacin da aka fi bukatarta. Hawa na biyu ma yana da irin wannan lahani, domin dangi da maƙwabta da ake dogara da su ruwa ɗaya ne ke shayar da gonakinsu, kuma idan damina ta gaza, gaba ɗaya take gaza musu. An ga haka a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta zo jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ya karya fataucin Sahara, ta sami Damargu ta rasa kasuwarta ta arewa, manyan Abzinawa kuma Faransawa sun riga sun raunana ikonsu, aka rasa wanda zai tallafi wani. An sake ganin haka a farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, lokacin da garkunan da ake ɗauka a matsayin ajiyar ƙarshe suka mutu ko aka sayar da su a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba.

Mulkin mallaka ya shigo da abubuwa biyu masu karo da juna. Na farko shi ne hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa, wadda gwamna janar Ernest Roume ya kafa a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1905, wadda a ƙa'idarta magani kyauta ne, ana biyansa daga haraji, ko da yake a ƙasa mai faɗin Damargu gidan likita ɗaya a mazaunin kwamanda bai taɓa rayuwar yawancin ƙauyuka ba, sai dai ta hanyar ayarin masu lamba da ke zagayawa jifa-jifa. Na biyu shi ne ajiyar tilas. Wata doka ta 1910 ta kafa ƙungiyoyin tanadi na 'yan ƙasa, waɗanda daga 1915 shigarsu ta zama dole, ana karɓar zubinsu tare da haraji, kwamandan gunduma kuma shi ne shugabansu. Bayan yunwar 1931, wadda ta fi yin ɓarna a yammacin Nijar ta kuma jawo wa hukuma zargi mai tsanani, an matsa wa kowane gida ya zuba wani kaso na geronsa a rumbunan tsimi da aka jera wuri ɗaya a bakin gari, waɗanda ba a buɗe su sai da izinin hukuma. A takarda dabarar ba ta da aibu, tunda ta nufi gyara ainihin raunin da aka bayyana a sama, amma manomi ya ga gero nasa ne, guminsa ne, ga ɗansa kwance, kuma ba shi da ikon ɗiban tiya guda ya sayar. Ga kuma asarar da gara da ɓera da hannun masu tsaro suke yi. Rumbunan tilas sun shiga jerin koke-koken da 'yan siyasar farko suka ɗauka bayan 1946, tare da aikin tilas, kuma ƙyamar da suka bari ga duk wata ajiya da mabuɗinta ke hannun hukuma ta daɗe bayan an rushe su.

Alhakin mai aiki a kan lafiyar ma'aikacinsa ya shigo doka ne da kundin ƙwadago na ƙasashen Faransa na ƙetare, wanda aka zartar ranar 15 ga Disamban 1952 bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago, ciki har da yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1947 zuwa 1948, kuma ya wajabta wa kamfanoni samar wa ma'aikatansu hidimar likita. Nijar ta gaji wannan ƙa'ida bayan samun 'yanci a 1960, ta kafa asusun tsaron rayuwar ma'aikata, CNSS, a 1965, wanda ke biyan kuɗin iyali, da diyyar haɗarin aiki, da fansho, amma ba shi da reshen inshorar cuta ta yau da kullum. Ma'aikatan gwamnati kuma aka tsara cewa baitulmali zai ɗauki kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kwanciyarsu a asibiti, su biya sauran. A Damargu waɗanda wannan ya shafa 'yan ƙalilan ne, malaman makaranta da na asibiti da na dabbobi, da jandarmomi da ma'aikatan gunduma, kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta tabbatar da abin da kowa ya sani, cewa mutanen yankin manoma ne da makiyaya waɗanda ba su da mai aikin da zai yi musu zubi.

Ga sauran jama'a, magani a gidan likitan gwamnati kyauta ne a zamanin Diori Hamani da farkon mulkin Seyni Kountché, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga tsuke bakin aljihu, sai kyautar ta zama suna kawai, domin majinyaci yakan tarar da malamin asibiti amma babu ƙwaya, a rubuta masa takarda ya tafi kantin magani. A watan Satumban 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da wani shiri da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gabatar, wanda ya ce jama'a su riƙa biyan wani abu, kuɗin kuma su zauna a cibiyar lafiyar ƙarƙashin kwamitin gari domin sake sayen magani. Kafin ta yanke hukunci, Nijar ta yi wani gwaji a 1993 da 1994 wanda har yau ake ambato a littattafan tattalin arzikin lafiya, kuma shi ne mafi kusancin awon da ƙasar ta taɓa yi tsakanin zubi tun da wuri da biya a bakin ƙofa. A gundumar Say an ce duk wanda ya zo da ciwo ya biya sefa 200 idan babba ne, 100 idan yaro ne. A gundumar Boboye an ƙara wa kowane mai biyan haraji sefa 200 a shekara, sannan aka rage kuɗin bakin ƙofa zuwa sefa 50 ga babba, 25 ga yaro. An bar gundumar Illela ba tare da canji ba domin kwatanci, gundumomin biyu na farko kuma duka an cika musu kantunan magani an horar da ma'aikatansu.

Sakamakon ya fito sarai. A Boboye zuwa gidan likita ya ƙaru sosai, musamman tsakanin matalauta da mata da yara, kuɗin da aka tara kuma sun fi na Say, inda ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba duk da cewa magani ya samu. Amma da aka zartar da dokar biyan kuɗin magani a 1995, shekara guda bayan an karya darajar sefa da rabi, tsarin biya a bakin ƙofa ne ya bazu a yawancin ƙasar, har da Tanut. Dalilin bai rasa nasaba da abin da rumbunan tilas suka koyar: kuɗin da aka karɓa a ƙofar cibiya ana ganinsu, ana ƙirga su, suna cikin akwatin da kwamitin gari ke riƙe da shi, kuɗin da suka bi ta hannun mai karɓar haraji kuwa babu tabbacin za su dawo. An zaɓi hanyar da ta fi tsanani ga majinyaci saboda ita ce aka fi amincewa da ita, kuma da wuya a ce masu zaɓin sun yi wauta.

A daidai waɗannan shekaru Amurka tana tafiya zuwa ga tsarinta mai hawa biyu ta wata hanya dabam. Inshorar wurin aiki ta yi ƙarfi a can ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da dokar 1942 ta hana ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin biyan magani, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kan wannan alheri. Da kuɗin magani suka yi ta hauhawa, sai aka fara cewa mutumin da ba ya jin zafin biya ba ya tsimi. Cibiyar bincike ta RAND ta gwada wannan magana daga 1974 zuwa 1982 a kan iyalai kusan 2,750, ta gano cewa waɗanda aka ɗora wa kaso mafi nauyi sun kashe kusan kashi 30 cikin ɗari ƙasa da waɗanda ake yi wa kyauta, amma sun rage maganin da ya zama dole kamar yadda suka rage wanda bai zama dole ba, matalauta masu hawan jini kuma sun cutu. Daga dokar haraji ta 1978 aka sami asusun farko, wanda ma'aikaci ke ware wa kuɗi daga albashinsa, amma abin da bai kashe ba a ƙarshen shekara yakan koma hannun mai aikin, lahanin da ya sa mutane da yawa suke tsoron zuba masa abin kirki. Dokar da George W. Bush ya sa wa hannu a watan Disamban 2003 ta kawo asusu na biyu, wanda mallakar ma'aikaci ne, ragowarsa tana tsallakawa zuwa shekara mai zuwa, yana kuma tafiya da shi idan ya sauya aiki, da sharaɗin ya karɓi inshora mai babban kason farko. A 2024 wannan kaso bai gaza dalar Amurka 1,600 ga mutum ɗaya ba, ko 3,200 ga iyali, doka kuma ta ƙayyade cewa duk abin da mutum ɗaya zai fitar daga aljihunsa a shekara ba zai wuce 8,050 ba. Singafo ta riga Amurka, da asusunta na tilas na Medisave tun 1984.

Wani nazari da aka buga a 2017 a kan wani babban kamfanin Amurka da ya mayar da ma'aikatansa kan wannan tsari ya sami raguwar kashe kuɗi da kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, kuma raguwar ta zo ne daga ƙin zuwa asibiti, domin ma'aikatan ba su koyi neman wuri mai sauƙi ba, ko da yake masu albashi mai tsoka ne kuma kamfanin ya zuba musu kuɗi a asusun. Abin da aka gani a Say da sefa 200 shi ne aka gani a can da dubban daloli, kuma hujjar tsimi, wadda ita ce ginshiƙin tsarin, ta fi rauni a Damargu fiye da ko'ina, tunda matsalar da malaman asibitin yankin suka sani ita ce kawo majinyaci a makare, bayan an gwada jiƙo da rubutu da ƙwayoyin 'yan tebur, ba yawan zuwa babu dalili ba.

Gwamnatin Mamadou Tandja ta juya akalar ga wani rukuni na jama'a. Bayan gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka daga 2001, da kuma yunwar 2005 wadda ta cika cibiyoyin tamowa na jihohin Maradi da Damagaram, an ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, sannan a 2006 aka ɗauke na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali. Cibiya za ta yi aikin, ta aika da takardun bashi, gwamnati ta biya. Iyaye mata sun amsa kiran nan take, kuma mutuwar yara 'yan ƙasa da biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, ko da yake gidan sauro da rigakafi da maganin tamowa duk suna da hannu a wannan nasara. Sai dai biyan bashin ya yi ta jinkiri, watanni suka zama shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, kuma binciken da Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na cibiyar LASDEL ta Yamai suka yi ya nuna yadda akwatunan kwamitocin gari suka bushe, kantunan magani suka zama wayam, takardar sayen magani ta dawo. Dokar 2008 a kan ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya ta buɗe wata ƙofa, amma waɗanda suka shiga ba su da yawa, domin zubin wata-wata ya fi dacewa da mai albashi fiye da wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Masu albashin kamfani sun ƙaru a gundumar Tanut daga ranar 28 ga Nuwamban 2011, lokacin da aka buɗe matatar man SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa, wadda ke iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar tana da 40, a shekarar da aka ɗaga Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta. Ga su kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na bankuna da na kamfanonin waya. Irin inshorar rukuni da aka fi sani a ƙasashen sefa tana biyan kaso mafi yawa, galibi kashi 80 cikin ɗari, tun daga ganin likita na farko, ma'aikaci ya cika sauran, amma tana da rufi, wato iyakar abin da kamfanin inshora zai biya a shekara, wanda idan an kai shi sauran nauyin ya koma kan majinyaci. Wannan juyin tsarin Amurka ne: can ma'aikaci ke ɗaukar ƙasa kamfani ya ɗauki sama, nan kamfani ke ɗaukar ƙasa ya bar wa ma'aikaci sama. Kowanne yana da wanda yake cutarwa. Rufi yana barin mai ciwon ƙoda ko daji shi kaɗai a lokacin da garkensa duka ba zai biya ba, kuma a nan dole a yarda cewa tsarin Amurka, da ƙayyade iyakar asarar mutum, ya fi kusa da ainihin manufar inshora. Babban kason farko kuma yana cutar da mai 'ya'ya ƙanana da yawa, da mai ciwon suga ko hawan jini, waɗanda za su cinye kason kowace shekara ba tare da asusunsu ya taɓa taruwa ba.

Akwai kuma abin da lissafin Amurka bai san da shi ba, wato cewa mai albashi a Tanut shi ne hawa na biyu ga mutanen da takardar inshorarsa ba ta ambata ba. Takardar tana ƙidaya mata da 'ya'ya, amma mahaifiya a Gangara, da ƙani a Falanko, da ɗan 'yar'uwa a rugar Tenhiya, duk shi suke kira idan aka ce a kai majinyaci babban asibitin Zinder, kamar yadda suke kiran ɗan cin rani da ke Libiya ko Aljeriya ya turo ta Nita ko Al Izza. Asusun da doka ta kulle a kan maganin mai shi kaɗai zai tsira daga waɗannan bukatu, amma zai zama wani rumbun da mai shi ke kallo ba ya iya buɗewa ranar da mahaifiyarsa ke kwance, wanda aka bari a buɗe kuma ba zai kai ƙarshen damina ba. Babban ɓangare na kuɗin ciwo a yankin ma ba na magani ba ne: man motar ɗaukar majinyaci, da kuɗin amalanke daga ruga zuwa bakin hanya, da abincin masu jinya a Zinder, da kwanakin noman da aka rasa. Wannan ne ya sa gundumomin lafiya da dama a Nijar suka ƙirƙiro ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane ganin likita, ana tara shi a asusu guda domin man motar masu naƙuda da sauran na gaggawa, dabarar da ta taso daga ma'aikatan ƙasa ba daga ma'aikatar ba, kuma ta yi aiki ne saboda zubin ƙarami ne, akwatin yana kusa, kowa kuma yana ganin motar idan ta tashi.

Wani mataki da ya shafi kason bakin ƙofa shi ne na watan Agustan 2024, lokacin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke kuɗin ajiya na sefa 150,000 da ake nema kafin a fara wankin ƙoda, matakin da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, a tsakiyar watannin zazzaɓi. Rabin da aka ɗauke wa majinyaci ya koma kan baitulmali, cibiyoyin lafiya na Tanut da Tarka kuma, waɗanda tun 1995 suke sayen magani da biyan wasu ma'aikatansu daga abin da suka karɓa a ƙofa, yanzu wani kaso mafi girma na kuɗin shigarsu yana jiran biya daga Yamai.